Daren Sifiri Biyu a Damri

Ranar 31 ga Disamba 1999 Juma'a ce, kuma ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumin shekarar 1420. Mu da muka tashi a Damri, cikin ƙaramar hukumar Bakura, muna 'yan firamare a lokacin, kuma abin da muke iya tunawa na wannan dare kaɗan ne: sanyin hunturu mai shiga ƙashi, kunun buɗa-baki, fitilar mai shayi, da manya suna haramar tahajjud. Hankalinmu duk yana kan kayan salla da ke wurin tela, don saura kamar mako guda.

Akwai dai wata magana da ta yi ta yawo a bakin masu sauraren rediyo. Wai Turawa sun ce da ƙarfe goma sha biyun dare injinansu za su rikice, jirage za su faɗo, kuɗin da ke banki za su ɓace. Wasu suka ƙara wa miyar gishiri, suka ce tashin duniya ne. Malamai suka ce wannan sani na Allah ne Shi kaɗai. Aka yi sahur, aka yi asuba, gari ya waye Asabar. Masu noman rani suka nufi gonakinsu na ruwan Bakolori kamar kullum.

Shekaru da yawa mun ɗauki abin a matsayin tatsuniyar Turawa. Sai da muka karanta ilimin kwamfuta, muka fara cin abinci da rubuta manhaja, sannan muka gane cewa matsalar da ake kira Y2K gaskiya ce, kuma shirun da aka ji a wannan dare iri biyu ne. Akwai shirun ƙasashen da suka shafe shekaru suna gyara. Akwai kuma irin namu, na mutanen da igiyar ba ta riga ta iso gare su ba.

Yadda aka yi rowar lambobi biyu

Tushen abin rowa ce, amma rowa mai dalili. A shekarun 1950 da 1960 ana shigar wa kwamfuta bayanai ne ta wani kati mai huji-huji na kamfanin IBM, kuma kowane kati gurbin harafi 80 kawai gare shi. Suna, lambar ma'aikaci, albashi da ranar haihuwa duk sai sun matsu a cikinsa. Ita kanta kwamfutar ba ta da wadatar wurin ajiya. IBM 1401, wadda aka fito da ita a 1959 kuma bankuna da ofisoshi suka yi rububinta, ƙwaƙwalwarta na riƙe haruffa 1,400 ne zuwa 16,000. Hoto guda a wayar da ke hannunka ya ninka haka sau da yawa.

Saboda haka masu rubuta manhaja suka ga babu amfanin rubuta 1965 alhali 65 ya wadatar. Kowa ya san ƙarnin da ake ciki. In aka yanke lambobi biyu daga kowane kwanan wata a cikin bayanan mutum miliyan, an tsimi kuɗi masu yawa. Babu wanda ya zaci manhajar da ya rubuta da harshen COBOL za ta kai shekara talatin tana aiki. Alan Greenspan, shugaban babban bankin Amurka, ya amsa a gaban majalisar dattawan ƙasarsa a 1998 cewa shi ma yana cikin masu wannan laifi, don ya yi irin wannan tsimi a lokacin da yake rubuta manhaja.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce dattijo an haife shi a 1938. A 1999 kwamfuta za ta cire 38 daga 99, ta samu shekara 61, ta biya shi fansho. Da an shiga 2000 sai ta cire 38 daga 00, ta samu lambar da ke ƙasa da sifiri, wato mutumin da ba a ma haifa ba. Maganin da zai lalace a shekarar 00 za ta ɗauka ya lalace tun 1900. Bashin da aka ci a Disamba, a Janairu lissafinsa zai koma na kusan shekara ɗari. Wata manhajar za ta tsaya cik, kuma wannan shi ne mai sauƙi, don an ga matsalar. Wata kuwa za ta ci gaba da aiki tana fitar da lissafin ƙarya, ba wanda ya lura.

Akwai kuma wani tarko a gefe. A ƙa'idar kalandar Miladiyya, shekarar da ta ƙare da sifiri biyu ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in 400 ya raba ta daidai. 1900 ba ta samu ba, 2000 kuwa ta samu. Masu rubuta manhaja da yawa rabin ƙa'idar suka sani.

Mu a nan mun riga mun tsallake namu ƙarnin shekara ashirin kafin haka, a Nuwamban 1979, lokacin da shekarar Hijira ta 1400 ta kama. Babu abin da ya tsaya, domin lissafin yana kan malamai da takardunsu, kuma mutum ba ya mantawa da ƙarnin da yake ciki. Inji kuwa abin da aka ba shi kawai ya sani.

Waɗanda suka shafa wa gemunsu ruwa

An yi gargaɗi tun da wuri. Bob Bemer, ɗaya daga cikin dattawan wannan sana'a a Amurka, ya rubuta a kai a 1971, ya sake a 1979, ba a kula shi ba. Hukumar da ke biyan tsofaffi kuɗin tallafi a Amurka ta fara gyara nata tun 1989, don lissafinta na hangen shekaru masu zuwa ne. Amma maganar ba ta fita daga ɗakunan kwamfuta ba sai a 1993, da wani masani mazaunin Kanada, Peter de Jager, ya buga maƙala mai tayar da hankali a mujallar Computerworld.

Alamu kuma suka fara bayyana tun kafin ranar. A jihar Minesota an aika wa wata tsohuwa mai shekara 104 takardar gayyata zuwa ajin 'yan share-fage, don kwamfuta ta ga 88 ta ɗauka 1988 ce. A daren ƙarshe na 1996, kwamfutocin wata masana'antar narka alminiyam a Tiwai Point ta ƙasar Niyu Zilan suka tsaya gaba ɗaya, saboda ba a gaya musu shekara na iya kaiwa kwana 366 ba. Wajen 1997 injinan shaguna suka fara ƙin karɓar katin banki mai wa'adin 00. Daga nan 'yan kasuwa suka daina dariya.

Gwamnatoci suka shigo. A Fabrairun 1998 shugaba Bill Clinton ya kafa majalisa ta musamman kan matsalar, ya ɗora John Koskinen a kanta. Wani abin da ya hana ruwa gudu shi ne tsoron kotu: kamfanoni ba sa son faɗin gaskiyar halin da injinansu ke ciki, kada a kai su ƙara. A Oktoban wannan shekara aka yi doka da ta ba su kariya in sun yi musayar bayani da gaskiya. A Ingila gwamnati ta kafa hukumar Action 2000, kuma a Maris 1998 Tony Blair ya sanar da shirin horar da mutum 20,000 don taimaka wa ƙananan kamfanoni. A Disambar 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara jami'an da ke kula da batun daga ƙasashe fiye da 120, ƙarƙashin jagorancin jakadan Pakistan, Ahmad Kamal. Bayan wata biyu aka buɗe cibiyar haɗin gwiwa ta duniya a Washinton da tallafin Bankin Duniya, wanda kuma ya ba ƙasashe masu tasowa kuɗin tsara nasu shirin.

Shi kansa aikin ba shi da wani armashi. Matakin farko ƙidaya ce: a zaga ma'aikata ɗaki-ɗaki a rubuta duk abin da ke da agogo a cikinsa, daga babbar kwamfutar albashi har injin lif da na'urar asibiti. Kamfanoni da yawa a nan suka fara sanin abin da suka mallaka. Wasu suka tarar da manhajar da wanda ya rubuta ta ya rasu, takardun bayaninta sun ɓace. Aka nemo tsofaffin masu COBOL da suka yi ritaya, aka biya su da tsada. Aka tura wani aikin Indiya, inda kamfanoni irin su Infosys, Wipro da TCS suka bi miliyoyin layukan umarni ɗaya bayan ɗaya. Wannan kwangila na cikin abubuwan da suka buɗe wa Indiya ƙofar kasuwar manhaja ta duniya.

Gyaran kansa hanya biyu aka fi bi. Mai kuɗi da lokaci ya faɗaɗa gurbin shekara zuwa lambobi huɗu a ko'ina. Mai gaggawa kuwa ya yi faci: ya gaya wa kwamfuta cewa, misali, daga 00 zuwa 19 na sabon ƙarni ne, daga 20 zuwa 99 na tsohon. Bayan gyara sai gwaji, a tura agogon inji gaba zuwa daren 31 ga Disamba a ga abin da zai faru. Sannan tanadin ko-ta-kwana. Babban bankin Amurka ya tanadi ƙarin takardun kuɗi na dala biliyan 50, ko da jama'a za su ruga cire ajiyarsu. Hafsoshin Rasha da na Amurka suka zauna ɗaki guda a wani sansanin soja a jihar Kolorado, suna kallon allo tare, kada kuskuren inji ya sa wani ya zaci an harbo masa makami. Ma'aikatar kasuwancin Amurka ta ƙiyasta ƙasar ta kashe kimanin dala biliyan 100. Na duniya baki ɗaya, adadin da aka fi ambata ya kai biliyan 300.

Najeriya tana da wata tukunyar a wuta

A watannin da duniya ke wannan ƙidaya, mu a Najeriya wata ƙidayar muke yi. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998. Janar Abdulsalami Abubakar ya karɓa, ya shirya zaɓe, ya miƙa wa Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999. Shugabanni uku cikin shekara guda. Sabbin ministoci sun zauna kujerunsu ne saura wata shida wa'adin ya cika.

Duk da haka an yi motsi. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin ƙasa kan matsalar a ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya da fasaha, Babban Bankin Najeriya kuma ya matsa wa bankuna su duba injinansu. Inda haɗarin yake a fili yake: bankuna, musamman sababbin da suka taso a farkon shekarun 1990 suna tinƙaho da kwamfuta, kamfanonin mai da matatu, filayen jiragen sama, injinan haɗa kira na NITEL, da tashoshin NEPA. Yawancin waɗannan suna Legas, Abuja, Fatakwal, Kaduna da Kano. Kuma da yawansu matsin lamba daga waje ya zo musu. Bankin da ke hulɗa da bankunan Landan dole ya gamsar da su, haka kamfanin mai da uwar gidansa ke Turai, haka filin jirgin da jiragen ƙetare ke sauka.

Da zarar an baro waɗannan birane, sai igiyar ta tsinke. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 ba ta da layin tarho rabin miliyan. Wayar salula ta GSM ba ta zo ba sai Agustan 2001. Jihar Zamfara kanta shekararta uku kacal, don a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Sakkwato, kuma har lokacin ana kan kafa ma'aikatu a Gusau. Gwamnan farar hula na farko, Ahmad Sani Yariman Bakura, ɗan ƙaramar hukumarmu ne, kuma abin da ya cika bakin jama'a a ƙarshen 1999 shi ne shari'ar Musulunci da aka ƙaddamar a Gusau ranar 27 ga Oktoba, wadda za ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. In ana maganar wa'adi a majalisun Bakura da Talata Mafara da Maradun, wannan ake nufi. Sai kuma sabuwar takardar naira 100 da ta fito a Disamba, wadda kowa ke son ya riƙe ya gani.

A sakatariyar ƙaramar hukuma, abin da muka taso muka gani shi ne keken rubutu, takardar kabon, da fayiloli ɗaure da zare. Malamin firamare yana karɓar albashinsa a hannu, ya sa hannu a bauca. Mai ajiya a banki yana da ɗan littafinsa. Bashin taki da na iri yana cikin littafin ɗan kasuwa ko cikin kansa, da shaidu biyu. Shekarun haihuwa kuwa da abin da ya faru ake lissafa su: shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, shekarar da aka tashi mutane saboda dam, shekarar fari. Babu wani sifiri biyu da zai rikita wannan. Wani kawunmu da aka gaya masa Turawa na tsoron wuta za ta ɗauke, cewa ya yi wanda ke kwana da fitilar ƙwai ba a yi masa barazana da duhu.

Abin da ya faru da abin da bai faru ba

Sabuwar shekara daga gabas take fitowa. Lokacin da ƙarfe goma sha biyun dare ya buga a Niyu Zilan, a Damri tsakar rana ce, ana wankan Juma'a. Fitilun Okland ba su mutu ba. Ostireliya ta wuce lafiya, Japan ta wuce, Rasha ma haka, inda babban labarin ranar ya zama murabus ɗin Boris Yeltsin da miƙa mulki ga Vladimir Putin. Shugabar hukumar jiragen saman Amurka, Jane Garvey, tana cikin jirgi a sama a daidai lokacin da agogon jirage ya juya, don ta nuna ta yarda da aikin da aka yi.

An samu tangarɗa, sai dai ƙanana ne ko kuma an yi saurin rufe su. Tun 28 ga Disamba dubban injinan karɓar kati suka ƙi aiki a shagunan Ingila. A tashar nukiliya ta Shika a Japan na'urar lura da tururin guba ta tsaya. Tashar da ke karɓar hotuna daga wasu taurarin leƙen asirin Amurka ta makance na wasu sa'o'i. Shafuka da yawa na intanet suka nuna shekarar 19100. Mafi ciwo shi ne na wani asibiti a Sheffield ta Ingila, inda manhaja ta yi kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu, aka ba 154 daga cikinsu sakamakon gwaji ba daidai ba. An yi watanni kafin a gano. Irin kuskuren da aka fi tsoro ke nan, mai aiki a ɓoye.

Kafin mako ya zagayo sai magana ta juya. Aka ce damfara ce, masu kwamfuta sun tsorata duniya sun kwashi kuɗi. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: Italiya da Rasha ba su kashe ko kusa da abin da Amurka ta kashe ba, kuma ba su ga bala'i ba. Gaskiya ne an yi zuzutawa. Tsoron da aka yi wa ƙananan na'urorin da ke cikin injina ya wuce kima, don yawancinsu ba ruwansu da shekara. An sayar wa mutane abin da ba sa buƙata. Amma waɗanda suka tura agogo gaba a ɗakin gwaji sun ga lissafin banki da na albashi suna rushewa da idonsu. Kuma ƙasashen da suka makara sun ci gajiyar waɗanda suka riga su, don manhajar da suke amfani da ita daga kamfanoni guda take, an riga an gyara ta a can. Mai rigakafi haka rabonsa yake. In ya yi nasara, sai a ce dama babu cutar.

Darasin da ke bakin dam

Mu mutanen wannan yanki muna da abin da za mu auna wannan labari da shi. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. An biya farashinta da gidaje da gonaki, har da rayukan manoman da suka mutu a rikicin diyya na 1980. An shimfiɗa aikin ban ruwa na kadada kusan 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun, kuma kaso mafi girma an tsara shi ne da bututun feshi masu dogaro da famfo da lantarki. Wannan sashe bai daɗe ba. Famfo ya tsaya yau, bututu ya fashe gobe, kayan gyara sai daga ƙetare, magudanai suka cika da laka da ciyawa. Sai a 2014 aka amince da shirin TRIMING na Bankin Duniya da ya haɗa da farfaɗo da aikin.

Bakolori ba ta lalace da ƙarfe goma sha biyun wani dare ba. Da tana da irin wannan wa'adi, wataƙila da an tashi tsaye. Abin da ya bambanta Y2K da sauran matsalolin gyara ke nan: tana da rana da sa'a, ba a ɗagewa, ba a neman alfarma. Minista ba zai ce a bari sai kasafin baɗi ba. Wa'adin ne ya tilasta wa masu kuɗi da masu mulki su yi abin da ba su cika so ba, wato kashe kuɗi a kan tsohon abu da ba za a yanke masa ƙyalle ba.

Nisan ya ƙare

Yau igiyar ta iso. Albashin malami ta alat yake zuwa. Mai sayar da shinkafa a kasuwar Mafara yana karɓar tiransifa. A bakin tasha akwai mai POS ƙarƙashin lema. Tun 2014 asusun banki ya rataya a kan lambar BVN, layin waya ya rataya a kan lambar NIN, kuma tun 2021 yaro ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Ka duba katin ɗan ƙasa na iyayenmu, da yawansu 1 ga Janairu aka rubuta musu, don ranar da aka tambaye su ba su da takarda, akwatin kuma ba ya karɓar "shekarar dam". In ranar da ke wannan rumbu ta saɓa da ta wancan, sai dattijo ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi kafin ya taɓa kuɗinsa.

Mun ma ɗanɗani yadda tsinkewar take. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci a rufe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jiha, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi, a wasu wuraren watanni. Mutum sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa. A farkon 2023 canjin takardun naira ya tura kowa kan tiransifa lokaci guda, injinan bankuna suka kasa ɗaukar nauyin. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta rikice a Najeriya. Abin da aka ji tsoron zai samu Landan a 1999, mu mun ga ɗan'uwansa sau uku cikin shekara uku.

Su ma tsofaffin kurakuran ba su mutu ba. Facin nan na 00 zuwa 19 ya yage ranar 1 ga Janairu 2020, inda injinan biyan kuɗin ajiye mota a birnin Niyu Yok suka daina karɓar kati. Mu kanmu, a wani aiki da aka ba mu na kwashe bayanan ma'aikatan wata hukuma daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, mun tarar da gurbin shekarar haihuwa mai lambobi biyu. Wanda ya rubuta manhajar ya bar aiki tuntuni, babu takarda ko ɗaya da ke bayaninta. Sai da muka koma kan fayilolin takarda, muka bi mutum ɗaya-ɗaya.

Akwai kuma wani wa'adin a gaba. Tsarin Unix, wanda Linux da Android suka gaji salonsa, yana ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, mako biyu kafin ƙarshen yaƙin basasarmu. A tsofaffin injina gurbin wannan ƙirga ba ya wuce 2,147,483,647. Zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, kuma daƙiƙar da ke biye za ta mayar da injin Disambar 1901. Manyan kwamfutoci da sababbin wayoyi an riga an faɗaɗa musu gurbin, kuma tun 2020 Linux ta buɗe hanyar gyara wa ƙananan injina. Damuwar tana kan na'urori masu araha da ake kafawa a manta da su shekara ashirin, a asibiti, a tashar wuta, a gidan ruwa. Mun kuma san inda tsofaffin injinan duniya ke ƙarewa. Kwantena-kwantena suke sauka a Legas.

Aikin da ke gabanmu shi ne wanda aka fara da shi a 1998, wato ƙidaya. Kowace ma'aikata a Gusau, kowace sakatariya, kowane asibiti ya san injina da manhajojin da yake dogaro da su, wa ya rubuta su, wa zai iya gyara su, kuma me za a yi ranar da suka tsaya. Duk kwangilar manhaja a haɗa ta da takardun bayani da kuɗin kulawa na shekaru. Ɗaliban kwamfuta na kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na jami'ar tarayya ta Gusau a koya musu karanta tsohuwar manhajar wani, don a nan rabin aikin yake. Littafin takarda kuma kada a yi saurin jefar da shi.

A agogon Najeriya, wa'adin 2038 zai cika ne da ƙarfe 4:14 na asuba, kafin kiran salla. Ranar Talata ce, ranar kasuwar Mafara. A daidai wannan lokaci motocin hatsi za su fara lodi daga Damri, masu POS na cajin injinansu. Mu da muke 'yan firamare a daren sifiri biyu, in Allah Ya kai mu, muna kusa da hamsin, kuma a wannan karon mu za a tambaya.